Ƙaramin kan jirgi mai shantin: wanne ya cancanci dalarka a Kano?

Ɗan yayata ne ya tayar da maganar, wata Asabar bayan la'asar muna zaune a soro. Ya daɗe yana tara 'yan kuɗinsa, ga shi kuma wani aminin mahaifinsa zai dawo daga Amurka ƙarshen wata, har ya yarda zai riƙo masa saƙo in bai wuce kilo ɗaya ba. Ya miƙo mini wayarsa, hotuna huɗu a jere, duk na ƙananan kawunan jirgin ƙasa masu aikin shantin, irin waɗanda ake ɗorawa a kan tebur su yi tafiya da lantarki.

"Kawu, kusan duk kamarsu ɗaya. Amma wannan dala 45, wannan 110, wannan 150, wannan kuma ya haura 300. Me ake saya da sauran kuɗin?"

Ban iya ba shi amsa a zama ɗaya ba, shi ya sa na rubuta wannan, don shi da duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan mararraba.

A kowace babbar tasha akwai kan jirgin da ba ya zuwa ko'ina. Ba shi ke jan fasinja zuwa Legas ko Nguru ba. Aikinsa a cikin tasha yake: ya janyo tarago daga wannan layi ya tura shi wancan, ya ware, ya jera, sannan babban kai ya zo ya ɗauka. Wannan aikin shi ne tsofaffin ma'aikatan reluwe ke kira shantin. Ina yaro mahaifina kan tsaya da ni ta wajen Fagge mu leƙa cikin tasha, kuma ba gudun jirgi ne ya kama zuciyata ba, wannan rarrafen ne. Kai ya matso sannu a hankali, wani na tsaye da tuta yana yi masa ishara, sai ka ji ƙaram, ƙugiya ta kama. Tun 1911 da dogo ya iso Kano ake wannan aiki a wurin, kuma duk taragon da aka cika da buhuna daga dalar gyaɗa, sai an yi shantin ɗinsa kafin ya kama hanyar bakin teku.

To, wannan rarrafen shi ne ma'aunin da nake auna kowane ƙaramin kan shantin da shi. Wanda zai iya tafiya kamar hawainiya ba tare da ya tsaya ko ya zabura ba, ya biya kuɗinsa. Wanda ba zai iya ba, ko da an zana masa kowace ƙusa da ke jikin na gaske, kayan ado ne na cikin kabad.

Dalilin da ya sa irin wannan kai ya fi dacewa da mu shi ne wuri. A ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na ainihin jirgi, kan SW1500 na kamfanin EMD, mai ƙera jiragen gaske a Amurka, bai wuce santimita 16 ba, kuma yana shan kwanar da manyan kawuna ba sa iya sha. Filanki ɗaya daga 'yan katako na Na'ibawa, tsawonsa ƙasa da mita 2, faɗinsa santimita 30, ya ishe ka ka shimfiɗa wasan shantin da ake kira Inglenook: layuka uku, ɗaya na cin tarago 5, biyu na cin 3 kowanne, a zuba tarago 8, a ce ka haɗa jirgi mai tarago 5 bisa wani jeri da aka zaɓa. Jerin da za a iya nema ya kai 6,720. In ka gama ka jingine filankin a bayan ƙofa. Akwai ma'aunin N, kashi 1 cikin 160, wanda ya fi wannan cin ƙaramin wuri, amma ba na ba wa mutumin Kano shawarar ya fara da shi, kuma yanzu za a ga dalili.

Waɗannan jirage ta cikin layin suke shan wuta. Lantarki na bi ta ƙarafan dogo biyu, ya shiga ta ƙafafu, ya isa 'yar motar da ke ciki. Inda ƙafa ta taɓa ƙarfe bai fi kan allura ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauko da ƙurarsa, ka goge layin da safe, kafin magariba ka shafa yatsa ka ga ya yi fari. Dogon kan jirgi mai ƙafa goma sha biyu, in ƙura ta toshe uku, saura tara suna sha, ga kuma gudu na tura shi ya tsallake wurin. Kan shantin gajere ne, mara nauyi, kuma a hankali yake tafiya, saboda haka ƙwayar ƙura ɗaya a daidai wurin da bai kamata ba ta isa ta tsayar da shi cak. Inda abin ya fi faruwa shi ne a mararrabar layi, a ɗan bakin nan mai kama da harafin V inda ƙarafa ke haɗuwa, domin a mararraba masu araha da roba ake yin wurin, ba wuta a cikinsa sam. Ma'aunin N ya fi shan wahalar wannan, don komai nasa ya fi ƙanƙanta, ƙura kuwa girmanta ɗaya.

Saboda haka kafin na kalli fenti, abu uku nake dubawa. Duk ƙafafun suna shan wuta, ko wasu ne kawai? Gangar jikin ta ƙarfe ce mai nauyi da za ta danne ƙafafu a kan layi? Akwai dunƙulen tagullar nan a jikin sandar motar, wanda ke ci gaba da juyawa na ɗan lokaci in wuta ta yanke, ya tura kan ya wuce wurin? In amsar ukun i ce, sai mu yi maganar farashi.

Na dala 45 da yaron ya nuna mini tsohon Athearn ne, irin wanda masu harkar ke kira mai shuɗin kwali, samfurin SW7. Kamfanin ya daina fitar da kayan shuɗin kwali a 2009, amma an yi su da yawa har kasuwar na hannu ta cika da su, galibi tsakanin dala 30 da 50. Ina girmama waɗannan. Mariƙan hannun da ke gefensu waya ce ta ƙarfe, in ta lanƙwashe ka miƙe ta da filaya. Duk wanda ya taɓa kwance fanka zai iya kwance shi ya mayar. Amma gaskiya sai an faɗe ta: murfin injinsa ya fi na gaske faɗi, don an buɗa shi ne motar ta samu shiga, yana da gurnani, motarsa na cin wuta fiye da na zamani, ƙafafunsa kuma na wani irin ƙarfe ne mai kama datti, wanda a ƙurarmu kullum sai an goge. Masu son gyara shi sukan canza masa ƙafafu zuwa na farin ƙarfe mai santsi, kuma yana gyaruwa sosai. Sai dai kafin ka sayi ƙafafu, ka sayi ƙugiyoyi, ka biya kuɗin kawo su daban, arahar ta zube. Ga mai son kwance-kwance da koyon yadda abin ke aiki, babu makarantar da ta fi shi. Ga mai son ya buɗe kwali ya fara shantin, a'a. Kuma sayen na hannu daga nesa, a hoto, ba damar mayarwa, kasada ce da mutumin Amurka ba ya ɗauka kamar yadda mu muke ɗauka.

In za a sayi na hannu, akwai biyu da suka fi shi rarrafe nesa ba kusa ba: NW2 na Kato da aka ƙera a Japan, da tsohon S-2 na Atlas, kwaikwayon kan jirgin kamfanin Alco, mai nauyin gaske. Na Kato tafiyarsa kamar agogo, amma ƙarfen cikinsa ya cika jikin taf, samun wurin saka dikoda, 'yar na'urar da ke karɓar umarni ta cikin layi ta sarrafa motar, sai an sassaƙe ƙarfe.

Na dala 110 na Bachmann ne, ɗan ƙaramin kan General Electric (GE) mai tan 44, ɗakin direba a tsakiya, inji gaba da baya. Labarin na gaskensa abin sha'awa ne. A 1937 kamfanonin jiragen Amurka suka yi yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata cewa duk kan dizal da ya kai nauyin fam 90,000, wato tan 45, dole a sa wa direba mataimaki. Sai General Electric ya ƙera mai tan 44, ƙasa da iyakar da tan ɗaya, daga 1940 har 1956, don mutum ɗaya ya tuƙa. A kan tebur bai kai santimita 12 ba, kuma yara na ganinsa suke ƙaunarsa. Bachmann na da wasu a wannan sahu, kamar GE mai tan 70 da Alco S-4. Abin lura game da kamfanin nan: farashin da ya rubuta a kundinsa ya ɗara wanda shaguna ke sayarwa sosai, don haka kada a razana da na kundi, kada kuma a yarda wani ya kafa hujja da shi. Yawancinsu na zuwa da dikoda a ciki, mai sauƙi. Adon jikinsu daidai ne, ba yabo ba fallasa. Rauninsa ɗaya ne, kuma daga ƙanƙantarsa ya samo shi: ba nauyi. Tarago kaɗan yake ja, wanda a filankin Inglenook ba matsala ba ne tunda uku kawai za ka riƙa ja a lokaci guda, amma rashin nauyin nan shi ke sa ƙura ta fi yi masa illa. Mai sayen na hannu kuma ya sani cewa fitowar farko ta mai tan 44 mota biyu gare ta, ɗaya a kowane rukunin ƙafafu, daga baya aka koma mota ɗaya a tsakiya. Ta bayan za a nema. In kuɗinka a wannan sahu ya tsaya, S-4 ya fi mai tan 44 dacewa da Kano, don ya fi shi tsawo da nauyi.

A nan zan ɗan daɗe, domin sahu na uku shi ne inda nake ganin kuɗi ke yin aikinsa. Walthers Mainline na da NW2 da SW7, Athearn na zamani na da SW1500, Atlas na da sabon S-2. Marasa sauti sukan kama daga dala 120 zuwa 180 a shagunan intanet na Amurka, masu sauti kuma daga 200 zuwa 280.

Dabarar Walthers ta burge ni. Suna da sahu mai tsada da suke kira Proto, suna da mai sauƙi da suke kira Mainline, amma kayan cikin iri ɗaya suke sa wa: mota mai sanda biyar, giya mai karkatattun haƙora da ba ta ƙara, gangar ƙarfe, duk ƙafa takwas na ja kuma na shan wuta. A jikin waje aka rage kuɗin. 'Yan mariƙan da ma'aikaci ke kamawa ya hau, ba a maƙala su ba, an dai yi ɗigo a inda za ka huda ka sa da kanka in kana so, a sayi kayan daban. Wato an bar maka abin da ke sa jirgi tafiya, an cire abin da ke karyewa. Ga wanda kayansa za su yi kwana biyu a cikin akwati tsakanin takalma da turare, su sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, su shiga bayan mota, wannan ba rashi ba ne. Na gasken NW2, EMD ya ƙera sama da 1,100 daga 1939 zuwa 1949, mai ƙarfin doki 1,000, kuma siffarsa ce ke zuwa wa mutane da yawa a rai in aka ce kan shantin: dogon hanci, bututun hayaƙi biyu, ɗakin direba a ƙarshe.

SW1500 na Athearn ya fi shi ado tun daga kwali. Mariƙai a maƙale, ana hango kujerun ɗakin direba, kuma ana bambanta fitilu da ƙafafu bisa kamfanin jirgin da aka kwaikwaya. Na gasken ya fito ne daga 1966 zuwa 1974, guda 808, ɗakin direbansa ya fi na magabatansa tsayi don a riƙa hango layi da kyau. Abin da za a kiyaye shi ne dogayen mariƙan gefe, na roba ne siriri. Kada a kama shi ta nan, a kama ta tankin mai da ke ƙasa. Kada kuma a bar shi kusa da taga ko a cikin mota a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, roba siririya ba ta jure wannan.

S-2 na Atlas shi ne wanda zuciyata ta fi kwantawa da shi in maganar rarrafe ake. Atlas na raba kayansa gida biyu, Silver mara sauti, Gold mai sauti da dikodar ESU LokSound. Jiki ɗaya ne, ado ɗaya ne, sautin ne kawai bambanci. Na gasken, wanda Alco ya ƙera kusan 1,500 daga 1940 zuwa 1950, injinsa na da wani fito mai kama da busar iska idan ya ɗauki wuta, kuma masu sayen Gold yawanci wannan fiton suke biya wa kuɗi.

Sai na sama, wanda ya haura dala 300. Nan ne Rapido na Kanada yake da SW1200, Broadway Limited da nasa SW1500 da NW2, Athearn Genesis da MP15AC, sai Walthers Proto. Ba zan rage musu komai ba, kyau kam sun yi shi. Ka juya na Rapido ka ga bututu da wayoyi a ƙarƙashinsa, inda ba wanda zai gani in yana kan layi. Rubutun gargaɗin da ke jikin ƙofa sai da madubin ƙara girma ake karanta shi, kuma yana karantuwa. Kowane kamfanin jirgi an yi masa irin fitilarsa, irin ƙahonsa, irin tankinsa. Wannan shi ake saya da ƙarin kuɗin: aikin hannun masu maƙala ɗaruruwan ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya a masana'anta, da binciken da aka yi don a dace da wani takamaiman kai mai takamaiman lamba.

Sai mutum ya tambayi kansa ko wannan binciken na da amfani gare shi. Wanda ya girma kusa da layin Canadian National, ya san irin fitilar, zai ji daɗin ganinta daidai. Mu da yawanmu burinmu shi ne wata rana mu sake wa kan fenti ya yi kama da na reluwenmu, mu jera buhunan gyaɗa a gefe. In haka ne, biyan dala 100 don a dace da fitilar wani kamfani a Ontario, sannan a shafe da fenti, asara ce. Kuma ko an yi fentin, kwaikwayo ne na kusa: tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne faɗinsa, milimita 1,067, layin HO kuwa mai milimita 16.5 yana wakiltar faɗin milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016.

Akwai kuma hujjar da ake yawan kawowa, cewa masu tsadar ba sa faɗuwa, don kaɗan ake ƙerawa, sai an yi oda tun kafin a yi su, a jira shekara ko fiye, in sun ƙare sun ƙare. A can wannan magana na da ƙamshin gaskiya. A nan wa za ka sayar wa? Ban taɓa ganin shago ɗaya a Sabon Gari ko titin Beirut da ke sayar da ko mararrabar layi ba, balle a yi maganar kasuwar na hannu. Abin da ka saya naka ne har abada, don haka darajarsa ita ce awannin da zai yi yana aiki a gabanka. Haka in wani ɗan ƙaramin abu ya ɓalle ya faɗa ƙarƙashin kujera, ba kamfanin da zai aiko maka da wani cikin kwana uku.

Maganar sauti ita ce ta fi raba kan masu wannan harka, kuma ni na biya kuɗin koyonta. Bambancin mai sauti da mara sauti, a kusan kowane kamfani, yana kewayen dala 100 ne. A 2024 da dala ta haura naira 1,500 a Wapa, wannan ya zama naira 150,000, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata biyu, wanda aka tsayar a naira 70,000 a shekarar. Kuma ba nan kuɗin ya tsaya ba. Mai sauti ba ya nuna kansa sosai sai a tsarin DCC, inda wuta ke kan layi koyaushe, ana aika wa kowane kai umarninsa ta lambarsa. Na'urar farawa irin NCE Power Cab ko Digitrax Zephyr ita ma tana kewayen dala 200. In ka ɗora mai sauti a kan tsohon tsarin DC na bolt 12, inda ake ƙara ko rage wutar layin da makunni, zai yi aiki, amma sai ka murɗa makunnin ya yi nisa kafin ya motsa, don sautin na fara cin nasa kason, kuma daidai wurin rarrafen da muke nema shi ne ke ƙuntata.

Kai na farko mai tsada da na saya mai sauti ne. Ba zan ambaci kamfanin ba, don laifin ba nasu ba ne. Da damina ya zo, ya yi ta aiki lafiya, in na danna ƙaho har maƙwabta yara ke leƙowa. Da hunturu ya shigo sai abin ya canza. Yana zuwa bakin mararraba sai fitila ta ƙifta, sauti ya yanke, sannan ka ji injin ya sake tashi daga farko kamar an kunna shi yanzu. Mara sauti in ya yi tuntuɓe na ƙiftawar ido, ba lallai ka lura ba. Mai sauti kuwa shelar kowace ƙwayar ƙura yake yi. Na kusa mayar da shi kwali. Maganin ashe ɗan ƙaramin abu ne, tarin kafasita da ke riƙe wuta ta daƙiƙa biyu ko uku, kamar yadda inbata ke riƙe gida in an ɗauke wuta. TCS na kiran nasa Keep-Alive, SoundTraxx na kiran nasa CurrentKeeper, ESU kuma PowerPack, kuɗinsu 'yan dala gomomi ne. Da ya iso, wayoyin sun yi mini ƙanana, sai na kai wa wani matashi mai gyaran waya a Farm Centre. Ya sa abin a ƙarƙashin madubinsa, ya juya shi, ya ce, "Alhaji, ai wannan ya fi allon waya sarari." Ya ɗiga dalma a wurare biyun da na nuna masa a takarda, muka cusa kafasitar a ɗakin direba don nan ne kaɗai ke da wuri. Daga ranar, kan nan yana taka mararraba ko a tsakiyar Janairu bai san an yi ba. Don haka duk wanda ya ƙudurta sai mai sauti, ya duba ko an sa masa wannan tun daga masana'anta. Na Broadway Limited masu tsarin Paragon4 na zuwa da shi a ciki, kuma a wurinmu wannan ya fi duk wani bututun ado daraja.

Kada a manta da ɓangaren Ingila, don masu zuwa can sun fi masu zuwa Amurka yawa a cikinmu. Nasu kan shantin shi ne Class 08, guda 996 da aka ƙera daga 1952 zuwa 1962, mai ƙafa shida da sandar da ke haɗa su tana juyawa a waje, abin kallo ne in yana rarrafe. Hornby da Bachmann Branchline duk suna yin sa a ma'aunin OO, kashi 1 cikin 76, a kan layi iri ɗaya da na HO. Masu cikakken ado sun haura fam 100, Hornby kuma na da mai araha a sahun Railroad, wanda ƙafafunsa ba su yi daidai da na gaske ba. Babbar fa'idar kayan Ingila ita ce wuta: bolt 230 ne kamar namu, filogi mai baki uku kamar namu, ka soka kawai. Tsofaffin taransifomomin Amurka na bolt 120 ne, in aka soka su a bangonmu ba na'urar rage wuta, sun ƙone nan take. Na zamani da yawa na karɓar 100 zuwa 240, amma a karanta jikin abin kafin a soka. Rauninsa kuwa, ƙafa shida a ƙarfe ɗaya sandararre ba su kai takwas masu lanƙwasa iya laluben wuta ba, kuma ƙugiyar Ingila daban take da ta Amurka. A zaɓi ɓangare ɗaya a tsaya a kai.

Ko wanne aka saya, kada a haɗa na'urar DCC kai tsaye da janareta, dikoda ba ta son wuta mai hawa da sauka. A bi ta inbata ko sitabilaiza. Kada a ɗiga masa man keken ɗinki ko man mota, wasunsu na cin roba. Akwai mai na musamman irin Labelle 108, kuma ɗigo ɗaya a kan allura ya isa, don mai da ƙura in sun haɗu kwaɓa suke zama. Layi kuma da tsumma da sifirit ake goge shi, ba da samfefa ba, a rufe filankin da zani in an gama.

Abin da na ce wa yaron shi ne ya ɗauki na dala 150, NW2 na Walthers mara sauti, ko S-2 na Atlas Silver in ya same shi kusa da wannan farashi. Ragowar kuɗin da zai zuba a na 300, ya sayi mararraba biyu na Peco masu wuta a baki, irin Electrofrog ko Unifrog, ya haɗa musu wayarsu yadda takardar ta nuna, da layi mai farin ƙarfe, da fakitin ƙugiyoyin Kadee na ƙarfe, da ɗan makunnin DC mai kyau wanda ko batirin sola mai bolt 12 zai iya ɗauka. Ya tabbatar kan na da soket ɗin dikoda a ciki, don ranar da hali ya samu, a sa masa sauti da kafasita ba tare da an sayi sabo ba. Wanda ya riga ya mallaki na'urar DCC, yana da ɗaki mai rufaffiyar taga da kabad mai gilashi, kuma ya san takamaiman kan da yake so, shi ne na sahun sama ya dace da shi, kuma ba zai yi nadama ba.

Ya yi shiru yana kallon hoton mai tsadar, ja da baƙi, fitilu ko'ina. Sannan ya ce, "Kawu, in na sayi mara sautin, za ka ara mini naka ranar Juma'a in ji ƙahon?" Na ce masa ya zo da nasa mu ɗora su layi ɗaya.

Saƙon ya iso cikin Disamba, hazo ya rufe gari har ba a ganin Dala daga Gwauron Dutse. Muka goge layin, ya ɗora kan da hannu biyu, ya murɗa makunnin kaɗan. Fitila ta kama, ƙafafu suka soma juyawa har ana iya bin su da ido. Ya taka mararraba ta farko, ya taka ta biyu, ya matsa wa taragon da ke jira a ƙarshen layi, ƙugiya ta ce ƙyas.